Me Ya Koro Ku? Bayani a Kan Jinsunan Masu Gudun Asuba

Tun muna yara a birnin Kano, abin da muka taras, muka kuma ji daga bakin na gaba, shi ne gudu ba ya cikin ɗabi'un mutumin kirki, domin duk wanda ya ajiye gemu, ya ajiye iyali, har ya kai munzalin da ake shimfiɗa masa buzu in ya shiga zaure, to, in aka gan shi ya tattare riga ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, an san ɗayan uku ne: ko gobara ta tashi, ko sa ya tsinke a hannun mahauta, ko kuwa mai bin sa bashi ya ɓullo ta lungu. Saboda haka ban ga laifin Goggo ba, yayar mahaifina, ranar da ta leƙo ƙofar gida bayan sallar asuba, ta hango mu mu goma sha wani abu, magidanta, wasu har da furfura, muna tafe muna haki kamar an sako kura, ta tsaya ta zuba wa bayanmu ido ta daɗe tana jiran ta ga abin da ke tafe, da ba ta ga kome ba sai hazon hunturu, ta ɗaga murya ta ce, "Ku bayin Allah, me ya koro ku?"

A lokacin na amsa mata da cewa ba abin da ya koro mu, motsa jiki muke yi, muna shirin gudun yada ƙanin wani da ake yi a Legas, yawanci a watan Fabrairu, tun daga shekarar 2016. Amma bayan na yi mako goma sha shida cikin wannan jama'a, ina fita tare da su tun duhu bai yaye ba, ina jin hirarsu, ina ganin halinsu a sa'ar da gajiya ta tuɓe wa kowa rigar kunya, sai na tabbata Goggo ta fi ni gaskiya. Babu ɗaya a cikinmu da ba koro shi aka yi ba, sai dai abin da ya koro kowa ba ya ganuwa ga mai leƙe daga ƙofar gida.

Kafin in shiga bayanin mutanen, ya kamata in faɗi asalin fitinar a taƙaice, yadda malamai kan fara da ta'arifi kafin su shiga mas'ala. An ruwaito cewa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Girkawa suka ci Farisawa da yaƙi a wani fili da ake kira Maraton, sai wani manzo ya zuba da gudu har birnin Atina don ya kai albishir, yana isa ya isar da saƙo, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Malaman tarihi sun ce isnadin wannan ruwaya da rauni, amma ko da ta inganta, ai mai hankali in ya ji cewa wanda ya fara wani aiki gawarsa aka ɗauka a wurin, abin da zai koya shi ne ya nisanci aikin. Turawa kuwa sai suka mai da shi wasa, suka sa shi cikin gasar Olamfik ta 1896, tsawon wajen kilomita 40. Ƙarin nan na kilomita biyu da 'yan kai, wanda shi ne ke fitar da hawayen manya a ƙarshe, a Landan aka samo shi a 1908, sa'ad da aka auna hanya daga fadar Winza zuwa gaban rumfar sarauta a filin wasa, aka kuma tabbatar da shi ya zama ƙa'ida a 1921. Jimla ke nan kilomita 42 da mita 195, wato kusan mutum ya tashi daga Kano ya tasar wa Wudil a ƙafa, ba don ya sayi sa a kasuwar Juma'a ba, don kawai a rataya masa ƙarfe a wuya.

Mafi yawa a cikin jama'armu, kuma mafi girma a jiki da aljihu, su ne waɗanda likita ya koro. Shugabansu wani Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda ya shekara talatin yana yi wa cikinsa biyayyar da ba ya yi wa kowa, daga naman kai zuwa farfesun kayan ciki, daga alkaki zuwa lemon kwalba, har teɓa ta riƙa riga shi shiga ɗaki, sai ranar da likita ya auna jininsa da sukarinsa, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya tambaye shi ko ya rubuta wasiyya. Kashegari sai ga Alhaji a Filin Sukuwa da sabon kambas. Gudunsa abin kallo ne, domin in ka dube shi daga ƙugu zuwa sama, za ka rantse tsere yake yi, hannuwa na kaiwa da komowa, fuska a murtuke, gumi na ɗiga daga gemu. In ka sauke ido ƙasa kuwa, sai ka ga akuya mai kiwo a bakin titi ta wuce shi ba ta ko ɗaga kai ba. Direba na biye da shi a mota, fitilu a kunne, kamar mai rakiyar hawainiya. Da ya cika kilomita uku sai ya ɗaga hannu, a buɗe masa ƙofa, a wuce da shi teburin mai shayi, inda zai ce a haɗa masa kauri, madara gwangwani guda, a soya ƙwai shida da albasa, a yanko burodi, yana ci yana cewa, "Ai mun ƙona, Malam, yau mun ƙona." Haƙiƙanin magana, abin da kilomita uku ke ƙonawa, ko a jikin ƙato, bai kai rabin abin da ke gabansa ba, dukanmu kuwa mun san haka, amma da yake shi ke biyan kuɗin shayin kowa, sai aka yi ijma'i a kan cewa faɗa masa makaruhi ne.

Akwai kuma wanda lissafi ya koro, wato mai agogo. Wannan bawan Allah ba ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya a tsakiyar titi, ya miƙa hannun hagu sama kamar mai duban jinjirin wata, yana jiran agogonsa ya gaisa da tauraron ɗan'adam, mu kuwa muna tsaye sanyi na kaɗa mu. Aƙidarsa ita ce gudun da agogo bai rubuta ba ɓatacce ne, daidai da alwalar da aka yi babu niyya. Ran nan muna kan dogon gudun Lahadi, an ɗaura niyyar kilomita 20, batirin agogon ya mutu a na 18, sai mutumin nan ya zauna a kan kwalbati ya yi tagumi, har wani mai wucewa a kan keke ya tsaya ya yi masa gaisuwar rashi. Kashegari kuwa, alhali ranar hutu ce, ya fito shi kaɗai ya rama, kamar mai ramuwar azumi. In ya iso ƙofar gidansa agogo ya nuna saura mita 80 a cika kilomita goma, ba zai shiga ba, sai ya riƙa zagaya motar maƙwabcinsa, har maƙwabcin ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa kullum da sassafe ana yi wa motarsa surkulle. Babbar jarrabawarsa ita ce gaisuwa, domin a garin nan ba a wuce dattijo da ɗaga hannu, tilas ka tsaya, ka rusuna, a tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, kowace tambaya kuwa daƙiƙu ne ke zubewa. Daga baya ya samo wa kansa hila irin ta malaman fiƙihu: yana rusunawa sai ya kama wuyan hannun hagu da na dama, irin gaisuwar masu tarbiyya, alhali maɓallin tsayar da agogo yake dannawa, dattijo kuwa na ta sa masa albarka saboda ladabi.

Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda idon jama'a ya koro. Yana da takalmin Litinin da takalmin Lahadi, da wani mai farantin kabon a tafinsa wanda kuɗinsa zai sayi ragon layya har a sami canji, da safa mai kaiwa gwiwa, da baƙin tabarau wanda yake sawa tun rana ba ta yi niyyar fitowa ba. Na taɓa ganinsa da idona ya fasa ledar fiya wata ya yayyafa a ƙirjin riga kafin a ɗauke shi hoto, kuma malamai sun daɗe da sanya wa wannan aiki suna, riya. In an tuna masa cewa Abebe Bikila na Habasha ya cinye gudun Olamfik na birnin Rum a 1960 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙafarsa ko silifas babu, sai ya ce ai wancan zamanin jahiliyya ne. Ni dai nawa takalmin a Ƙofar Wambai na tsince shi cikin dilar gwanjo, har yau da shaidar babban yatsan Baturen da ya fara sa shi, mun kuwa zauna lafiya.

Amma wanda ya fi kowa cika mana kunne shi ne muftin gudu, wanda na daɗe ban gane abin da ya koro shi ba, ashe neman almajirai ne. Babu abin da bai sani ba. Zai gaya maka yadda Eliud Kipchoge ya gama gudun nan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, da dalilin da ya sa ba a rubuta shi cikin kundin bajinta ba, wato saboda masu tare masa iska da ake ta sauyawa da motar da ke gaba tana nuna musu sawu da haske. Zai kawo maka labarin Kelvin Kiptum, wanda ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, ya kuma rasu a haɗarin mota a Fabrairun 2024, yana faɗa idonsa na kawo ruwa kamar ɗan ɗakinsu ne. Zai yi maka sharhin garin Iten na Kenya da tsawon tudunsa, ya kwatanta shi da Pankshin ta Filato, inda mu ma namu gwanayen suke fitowa. Ya raba masu gudu mazhaba biyu, masu sauka a kan dunduniya da masu sauka a kan gaban tafi, yana kuma ganin na farko 'yan bid'a ne. Abin mamaki, ba a sami adali biyu da za su shaida sun taɓa ganinsa ya wuce kilomita biyar ba, domin kullum da lalurar da ta hana: yau agara, gobe gwiwa, jibi ƙwauri, gata wata jijiya wadda shi kaɗai ya san sunanta da Latinanci. A kan babur yake bin mu, rufe da rigar sanyi, yana kururuwa, "Saki kafaɗa! Ɗaga kai!" Sai dai adalci ya wajaba, fatawowinsa suna da inganci. Shi ya ce kada mutum ya ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan gudun makon jiya, shi ya ce kada a sa sabon takalmi ranar gasa, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne kuma ya ce a shafa basilin a matsematsi da kan nono kafin dogon gudu. Wannan ta ƙarshe na yi mata dariya, na ce ni ba jariri ba ne, sai ranar da na dawo daga kilomita 28 da ɗigon jini biyu a gaban farar riga, na shiga wanka ruwa ya taɓa wurin, na yi ihun da ya sa maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya.

Kada a haɗa shi da malami na haƙiƙa da ke cikinmu, mai koyarwa a wata islamiyya, wanda ciwon baya na zaman buzu ya koro. Shi da dogon wando yake gudu har idon sawu, domin al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, in kuwa mai hoto ya gifta da ɗan guntun wandonsa sai ka ji Malam ya kau da kai yana istigfari, har ya zama da istigfarin yake ƙirga sawu. Da mutanen unguwa suka fara tsegumi cewa wannan zubar da girma ne, bai yi fushi ba, ya jira su bayan magariba ya kawo musu hujja: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu, cikin sahabbai akwai Salamatu ɗan Akwa'u wanda ya shahara da gudu, alhazai kuma kowace shekara suna sassarfa tsakanin Safa da Marwa, ba wanda ya ce girmansu ya zube. Bakin kowa ya mutu. Wata rana a teburin shayi Alhaji ya tambaye shi, "Allah gafarta Malam, wanda ya yi gudun nan na Legas, ƙasaru ta halatta gare shi?" Malam ya kurɓi shayi ya ce a mazhabar Imamu Malik tafiyar ƙasaru mil 48 ce, gudun kuwa duk wahalarsa mil 26 ne da ɗoriya. "Ƙasarun da za ka yi a Legas, Alhaji, jirgin da ya kai ka ne ya samo maka ita kana zaune. Ƙafarka ba ta da hannu a ciki."

Sai matashin da girman kai ya koro, tsohon ɗan ƙwallon unguwa, wanda Allah Ya jarrabce shi da ƙin ganin ƙeyar mutum. Ko an ce yau gudun hira ne, a tafi sannu yadda mutum zai iya magana ba haki, da ya ga wani ya gota shi da taku ɗaya sai jininsa ya tafasa. Abin da ya ƙi fahimta shi ne jikin ɗan'adam rumbu biyu gare shi. Akwai ƙaramin rumbu na sukarin da hanta da tsoka ke ajiyewa, mai faɗin ƙofa, mai saurin ɗiba, wanda in an yi tattali yakan kai mutum wajen kilomita 30. Akwai kuma babban rumbu na kitse, wanda ba ya ƙarewa ko a jikin ramamme, sai dai ƙofarsa ƙarama ce, da cokali ake ɗiba. Mai tafiya a hankali yana haɗa ɗiba daga nan da can, mai garaje kuwa yakan share ƙaramin tun da hantsi, daga nan ya yi karo da abin da masu gudu ke kira bango, wato sa'ar da ƙafa za ta zama kamar turmi, zuciya ta riƙa tambayar mutum wa ya aike shi. Ranar da muka yi kilomita 32, wanda shi ne mafi tsawo a duk shirin, ya ɓace mana tun a na biyu, ƙurarsa kawai muka gani. A na 26 muka tarar da shi rungume da darbejiya, leɓe ya bushe, yana roƙon mai rake ya ba shi gaɓa ɗaya bashi. Malam ya wuce shi da dogon wandonsa, ya yi masa sallama cikakkiya.

Mai yanke kuwa tsohon jinsi ne, yana da magabata. A gasar Olamfik ta 1904 a Sen Luwis ta Amurka, Fred Lorz ya hau mota ta ɗauke shi wajen mil 11, ya sauka ya shiga fili da gudu ana ta yi masa tafi, da asiri ya tonu ya ce wasa yake yi. A Bostan a 1980 aka naɗa Rosie Ruiz gwanar mata, bayan kwana takwas aka ƙwace, har aka gano a gudun Niyok na shekarar da ta gabata ma jirgin ƙarƙashin ƙasa ta shiga. Namu a-daidaita-sahu yake hawa. Da bai tonu ba, sai tsautsayi ya sa ya ɗora gudunsa a manhajar Strava, mai agogo ya bi shi layi layi kamar mai binciken asusun baitulmali, ya tarar da kilomita uku a jere kowace cikin minti ɗaya da daƙiƙa 40, alhali Kipchoge kansa a ranar Biyana wajen minti biyu da daƙiƙa 50 yake cin kowace. Da aka tsare shi sai ya ce iska ce ta bayansa. Akwai kuma mai gobe, shi ba shi da dogon bayani, tun da sau biyu kacal muka gan shi. Ya riga kowa biyan kuɗin rajista, ya riga kowa sayen riga, kowane dare yakan aiko cewa gobe in sha Allahu da shi za a fita, kowace asuba kuma bargo ya yi masa ɗaurin goro.

Mata uku ne a cikinmu, da hijabi da dogon wando, ba su fita titi saboda bakin 'yan zaman kashe wando, sai dai su yi ta zagaya fili. Ba su da fatawa, ba su da hoto, taku ɗaya suke riƙewa daga farko har ƙarshe, kuma na lura cewa ranar da mu ma muke gudu a filin, in aka kai wajen kilomita 15, suka fara cim ma mazan da suka yi gaba, sai igiyar takalmin kowane namiji ta kwance a daidai wannan lokaci, ya durƙusa ya daɗe yana ɗauri. Ba a nan kaɗai aka tsananta musu ba, domin a Bostan a 1967 wani jami'in gasa ya bi Kathrine Switzer da gudu yana neman fizge lambarta, kuma sai a 1984 aka yarda mata su yi wannan gudu a Olamfik. Amma macen da ta fi cancantar lambar yabo ita ce wadda ba ta gudun, wato uwargida, wadda ƙarar ƙofa ke tashinta tun kafin kiran assalatu, wadda ta haƙura da warin kambas a tsakar gida, wadda ake ce wa ta ƙara malmalar tuwo ranar Asabar wai ana cika rumbu, sa'an nan ranar Lahadi a dawo mata da miji kamar wanki, ba ya cefane, ba ya zuwa suna, ba ya ko iya korar kaza. Tawa ta taɓa samuna a miƙe kan tabarma ina kiran yaro ya zo ya ɗauko mini abin da ke taku uku daga inda nake, ta tsaya ta ce, "Maigida, mai kilomita talatin, ga butar can ta yi maka nisa, in kira a-daidaita?"

Akwai mutum ɗaya wanda ba ya cikinmu, amma kullum muna haɗuwa da shi a hawan da ke kusa da Goron Dutse, inda muftinmu ke kai mu wai don ƙarfafa cinya. Ɗan ga-ruwa ne, siriri kamar sillen kara, da silifas wanda aka ɗinke da waya, yana tura kura mai jarka goma sha biyu cike da ruwa, a haka yake wuce mu a kan tudu, har ya sami sauran numfashin da zai ce, "Sannunku da aiki." Mufti, wanda ya san cewa Spyridon Louis, Bagirken da ya cinye gudun farko na 1896, shi ma sana'arsa ɗaukar ruwa ce, ya ga ya tsinci dami a kala, ya tare shi da babur yana yi masa wa'azin ya zo a horar da shi. Mutumin ya jingine kurar da dutse, ya share gumi da hula, ya tambaya nawa ake biya. Aka ce na ɗaya yana samun daloli masu yawa, amma kusan kullum mutanen Kenya da Habasha ke kwashewa, sauran jama'a kuwa su ke biyan kuɗin mota da masauki daga aljihunsu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan Alhaji, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe," ya janye dutsensa ya wuce.

Ni kuwa, tun da amana ta hana in lissafa aibin mutane in ɓoye nawa, abin da ya koro ni wani yaro ne mai tarbiyya, wanda ya matsa mini wuri a mota ya ce, "Baba, zauna nan." Na waiwaya in ga Baban, ban ga kowa ba. A daren na daɗe gaban madubi ina ƙirga furfura, da mako ya zagayo sai ga ni a Ƙofar Wambai ina gwada takalmi.

Legas ta koya mini abin da mufti ya manta bai faɗa ba. Duk shirinmu cikin hunturu muka yi shi, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa. Can kuwa tun a bakin babban filin wasa na Surulere, gari bai gama wayewa ba, na ji kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo. Doguwar gadar nan ta uku da ta ratsa ruwa, mai tsawon fiye da kilomita 11, ba ta da inuwa ko ta tsinke, hagu ruwa, dama ruwa, gaba kuwa ƙeyoyin mutane iyakar ganinka. Na sauka daga kanta da sauran ƙarfina, na ratsa Ikoyi ina ce wa raina ashe abin ba wuya, sai a wajen Lekki, bayan kilomita 32, bangon da na yi wa mai darbejiya dariya a kansa ya same ni ni ma. Sha-raɓata ta dama ta ɗaure kamar an sa ƙusa, dabinon da na ƙulla a aljihu ya narke ya zama kunu, na riƙa yin alkawari da kowane falwaya cewa in na kai gare shi zan tsaya, in na kai kuma in saɓa, in ƙulla da na gaba. Na isa Eko Atilantik, inda gudun ya ƙare, bayan awa biyar da minti arba'in, lokacin da mutanen Kenya sun yi wanka, sun ci abinci, la'alla ma sun yi barci sun farka. A can na tarar da mai agogo yana jayayya da wani ma'aikaci, wai agogonsa ya nuna an ƙara masa mita 400, yana neman a rubuta.

Kwana uku da baya da baya nake sauka daga bene, salla kuwa a zaune, farce biyu suka yi baƙi suka fita. Da na iya taka ƙasa sai na je gaida Goggo, na ajiye mata lambar yabon da aka rataya mini a kan tabarma. Ta ɗauka ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta ce, "Zinariya ce?" Na ce a'a. "Azurfa?" Na ce ita ma a'a. Ta ce to na nawa na zo, na ce ban ƙirga ba, amma dai akwai mutane a bayana. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba kai ne ƙanin da aka yada ba." Sa'an nan ta auna nauyinta a tafin hannu, ta dubi ƙofar ɗakinta, ta ce in bar mata ita, domin tun shigowar hunturu iska ke ɗaga mata labule. Tana can yanzu ɗaure a gefen labulen, da igiyarta da kome.